Ƙuri'a Uku a Kan Ɗaya

Kwana biyu da zuba ƙwai

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya ƙafar? Ina fata maganin likita kike shafawa, ba wanda maƙwabciyarki ta kawo a kwalba ba. Ina su Yaya da yaransa, da kajinki shida masu shiga falo ba sallama? Ni ma lafiyata ƙalau, sai aiki.

Kin ce in daina ce miki "aikin kwamfuta", in yi miki bayani yadda kika riƙa yi wa 'yan aji uku. To, ga shi. Wata babbar gonar kaji ce ta ba kamfaninmu aiki. Suna da injinan ƙyanƙyasa huɗu, kowanne ya kai girman ɗakin girkinki, kuma shekaranjiya aka zuba musu ƙwai dubu goma sha biyu. A da mutane ne ke yini suna murɗa wannan suna duba wancan. Yanzu manhajar da muka rubuta ce za ta riƙe injinan har kwana ashirin da ɗaya, ba hannun mutum.

Manhajar ba ɗaya ba ce, ƙanana ne guda biyar. Muna ce musu wakilai, don kowanne da aikinsa da ɗan hankalinsa, kuma suna aika wa juna saƙo. Ɗaya na kula da zafi, ɗaya danshi, ɗaya fanka. Na huɗu mai gadi ne, aikinsa ya yi ihu in ya ga abu zai lalace. Na biyar shi ne nawa, alƙalinsu. Duk minti ɗaya yana tambayar sauran ra'ayinsu, ya ba kowa maki gwargwadon yadda aka yarda da shi, ya ƙirga ƙuri'a, ya yanke hukunci. Ki ɗauka aji ne mai yara huɗu, ni ce malamar.

Yanzu ga abin da nake so ki sa a addu'a. Manaja ya tara mu ya ce in an ƙyanƙyashe, sashen zai sami shugaba ɗaya. Mu biyu ake dubawa, kuma wanda bai samu ba, ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Shekara shida nake jiran kujerar nan, Umma. Da wa kike zaton aka haɗa ni? Da Ƙararrawa!

Shi ne ya rubuta mai gadin, kuma ni na raɗa masa sunan, don shi da wakilinsa ba su iya komai ba sai kaɗawa. Sunan ya bi shi, har Manaja da shi yake kiransa. Dattijo ne, shekara ashirin yana gyaran injinan ƙyanƙyasa da sukuddireba, sai da ya haura hamsin ya ga dama ya koyi rubuta manhaja, wai shi a dole sai ya bi zamani. Da yatsa biyu yake buga rubutu, kamar kaza na tsince hatsi. Tabaransa a ɗaure da igiya. In ya gama rubutu sai ya buga shi a takarda ya riƙa bin layi-layi da rula yana motsa baki. Na rantse miki, aikin da nake gamawa kafin shayina ya huce shi yake kwashe mako a kai.

Kuma ki ji iyayi. Kowane inji yana da ma'aunin zafinsa a jikin bango, mai tsada, sabo fil, daga nan wakilan sauran injiniyoyi uku ke karantawa. Shi bai yarda da wannan ba. Sai da ya shiga ya manna wa ƙwai 'yan ƙananan ma'aunai da filasta a tirorin tsakiya, ya ja wayoyi, kamar majinyata a gadon asibiti. Na ce wa injiniyoyin saura ya ɗaura musu ƙarin ruwa. Sun yi dariya har ɗaya ya ƙware. Su ukun ba laifi, sun iya dariya a inda ya dace, ko da yake ban taɓa jin ɗayansu ya fara wata magana da kansa ba.

Kada ki ce na faye baki. Gaskiya ce, haushi nake ji a auna ni da shi a sikeli ɗaya.

Ki gaishe da su Yaya da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki lafiya.

Taki,
Auta

Kwana goma sha biyu da zuba ƙwai

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma fatan kuna lafiya. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin ƙafar ta yi sauƙi. Na ga kin ja layi biyu a ƙarƙashin "ki riƙa girmama na gaba da ke". Na gani, Umma, jan biron ma bai canza ba.

Da kin san abin da na gaban nawa ya yi mana a makon nan, da kin rage layi ɗaya. Har kwana tara komai na tafiya sumul. Ranar ta goma wakilinsa ya fara: zafi ya yi yawa, zafi ya yi yawa. Alƙalina ya tambayi sauran ukun, kowanne ya ce digiri talatin da bakwai da rabi, daidai wa daida. Uku a kan ɗaya, magana ta ƙare. Bayan minti ɗaya ya sake. Matsalar ita ce duk ihun da ya yi sai ya faɗa wayar mai gonar, haka aka tsara. Mutumin yana cin abinci waya na kuka, yana tuƙi waya na kuka. Ya kira Manaja ya wanke shi tas, Manaja ya juyo ya sauke a kaina, don nawa ne alƙalin.

Na je teburin Ƙararrawa na ce ya rufe wa abinsa baki. Ya cire tabarau ya goge, ya ce mini, "'Yata, ƙwan da ya kwana goma ba dutse ba ne, akwai mai rai a ciki, shi ma zafi yake fitarwa." Wai kullum zafin ƙaruwa zai yi. Na ce masa ni ba 'yarsa ba ce a ofis, kuma ba tatsuniya aka ɗauke mu mu yi ba, lissafi ne. Na yi masa kallon sama da ƙasa na bar wurin.

Bai tsaya nan ba. Jiya da rana ya hau motar haya ya tafi gonar, ya buɗe ƙofofin injinan da hannunsa wai su sha iska. Aikin da muka yi alkawarin ba hannun mutum! Ma'aunin bango ya nuna zafi ya faɗi, wakilin zafi ya ƙara wuta, na danshi ya rikice, duk jadawalina mai kyau ya koma kamar zanen ɗan aji ɗaya. Na buga shi a takarda na kai wa Manaja, ban ƙara ko kalma ba. A take aka karɓe katin shigarsa ɗakin injina.

Ni kuma na yi maganin ihun. Layi ɗaya na ƙara a cikin alƙalina: duk saƙon da ya zo daga mai gadi, a ba shi maki sifili, kada a kai shi wayar kowa, kada a nuna shi a allo. Muna da ɗabi'ar barin ɗan bayani a gefen layi don wanda zai karanta daga baya, sai na rubuta, "a bar tsoho ya yi ta surutu." Ban gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ke da ikon taɓa alƙalin sai ni. Tun daga lokacin wayar mai gonar ta yi shiru, har ya aiko a gode mana.

Na ga abin da kika rubuta game da kazarki mai wake-wake, wai in ƙyanƙyasa ta kusa takan yawaita tashi daga kan ƙwan ta bar su su huta. Umma, don Allah! Ƙwai takwas take kwanciya a kai a cikin tsohon kwali, uku kuma kan yi bara-gurbi. Kada ki bari Ƙararrawa ya ji, sai ya ɗauke ta aiki.

Saura kwana tara. Ki ci gaba da addu'a, ki gaishe da kowa.

Taki,
Auta

Kwana goma sha tara da zuba ƙwai

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Fatan kin tashi lafiya, ke da duk mutanen gida. Wannan gajeriya ce, a tsaye nake rubuta ta, direban ofis na jira ya kai tasha.

Albishirinki! An fara jin tsiyo-tsiyo a inji na biyu tun da safe, kwana biyu kafin lokaci. Har sun ƙagu su fito su ga wadda ta raine su. Manaja ya zo teburina da kansa ya ce, "Shugaba, sannu da aiki," a gaban kowa. Injiniyoyin uku suka tafa. Jadawalin zafi a allona miƙe yake sak kamar an ja shi da rula, kwana bakwai ko gezau.

Mutuminki kuwa ya zama abin tausayi, in da ina da tausayin da zan ɓata. Tun da aka hana shi shiga ɗakin injina, sai ya zauna ya riƙa buga saƙonnin wakilinsa a takarda, don shi yana ganinsu a kwamfutarsa. Ya tara tuli guda. Ya kai wa Manaja, sakatariya ta ce ana taro. Ya koma, ta ce an fita. Ya tare injiniyoyin a bakin matakala, suka ce sauri suke yi, suna wucewa suna "ƙililin-ƙililin" ƙasa-ƙasa. Daga ƙarshe ya kawo mini. Ya tsaya a kaina da takardun a ƙirji, ya ce ya san ihun wakilinsa ba ya isa ko'ina, kuma ya san a ina yake tsayawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce fitowa da wuri ba albishir ba ne, alamar sun sha zafi ce, in taimaka in sa fanka ta ƙara gudu ko na kwana biyun da suka rage.

Na ce ya ajiye a nan zan duba. Suna nan a gefen teburin, na ɗora musu kofina don kada iska ta kwashe.

Ba zan ɓoye miki ba, da ya ce ya san inda ihun ke tsayawa gabana ya ɗan faɗi. Amma me zai yi? Mutumin da ko sakatariya ba ta iya sauraronsa minti biyu. Kuma da zan bi maganarsa yanzu, ai na ce wa duniya shi ne mai gaskiya tun farko, in miƙa masa kujerar da hannuna. Allah ya kiyaye.

Ki fara tunanin kayan da za ki sa ranar da za ki zo ganin sabon ofishina, akwai taga. Ki gaishe da su Yaya.

Taki,
Auta

Kwana huɗu bayan ƙyanƙyasa

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya, ke da su Yaya. Na ga kiranki har sau biyar, ban ɗauka ba. Lafiyata ƙalau, muryata ce ba na so ki ji.

A cikin dubu goma sha biyu, dubu uku da 'yan kai ne suka fito, su ma rabinsu ba sa iya tsayuwa, cibiyarsu a buɗe. Na gefe-gefe ne suka tsira. Tirorin tsakiya kuwa, Umma, ma'aikatan gonar suna fasa ƙwan ɗaya bayan ɗaya a gabanmu, kowanne da ɗan tsako cikakke, da gashinsa da bakinsa, a mace. Wasu sun huda ɓawon sun leƙo da baki, ƙarfin ya ƙare a nan. Da baro aka riƙa kwashewa. Na fita bayan ginin na yi amai, warin har yau bai bar gyalena ba.

Shekaranjiya Manaja ya kira taro, mu shida: shi, ni, injiniyoyin uku, da dattijon. Mai gonar yana so a ba shi sunan wanda ya jawo. Manaja ya fara da cewa abu biyu kowa ya sani, akwai wanda ya buɗe ƙofofi da hannu, kuma akwai mai gadin da ya yi shiru kwana tara ana ƙonewa.

Dattijon ya miƙe. Na ɗauka zai yi ta inda-inda ne. Bai yi ba. Ya ce wakilinsa ya yi ihu sau dubu goma sha biyu da ɗari tara da wani abu, duk minti ɗaya sau ɗaya, ga takardun, an toshe shi ne a wurin alƙali. Ya ce wakilai ukun da ake ta ƙirgawa duk daga ma'aunin bango ɗaya suke karantawa, shi kuwa iskar bakin fanka yake aunawa, ba ƙwai ba. "Ba ƙuri'a uku ba ce, ranka ya daɗe," in ji shi, "ɗaya ce ake maimaitawa sau uku." A minti biyu ya faɗi abin da ni mai takardar digiri biyu ban gani ba cikin wata shida ina rubuta alƙalin. Bai ambaci sunana ba, bai ko kalle ni ba.

Kin san abin da Manaja ya yi? Wayarsa yake latsawa. Da dattijon ya gama, ya ɗago yana murmushi ya ce, "To, Ƙararrawa ta kaɗa. Mu ji ta bakin sauran." Na farko ya ce ai kowa ya san halinsa da ƙorafi. Na biyu ya ce mutumin da ke manna wa ƙwai filasta, me ake jira daga gare shi. Na uku ya ce saura ya ɗaura musu ƙarin ruwa, aka yi 'yar dariya. Ina zaune ina jin kalmomina suna fitowa daga bakin mutum uku, har da yadda nake jan muryar. Babu ɗayansu da ya taɓa buɗe aikin dattijon ya karanta. Duk abin da suka sani a kansa ni na ba su, a bakin tulun shayi, shekara guda ina yi. Manaja ya ce to, uku a kan ɗaya. Ya juyo ya tambaye ni ko ina da abin ƙarawa.

Na ce babu.

Haka na ce, Umma. Ke kika haife ni, gara ki ji daga bakina.

Jiya da safe na kasa zama. Na buga shafin da layin yake, ga sunana a jiki, ga ranar da na rubuta, ga "a bar tsoho ya yi ta surutu" a gefe, na kai wa Manaja na ajiye a gabansa. Na shirya wa kora, har na kwashe kayan durowata a jaka. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke takardar gida huɗu ya miƙo mini. Ya ce an riga an ba mai gonar suna ɗaya, na dattijon, in aka koma da na biyu sai ya ce kamfanin gaba ɗaya bai san abin da yake yi ba. Ya ce in goge layin, in koyi darasi, kuma ofishina na nan a share. Na tsaya ina kallon mutumin nan da na yi shekara shida ina neman ya yaba mini, da turarensa da agogonsa. Ko haushin kirki bai iya ji ba. Na raina shi raini mai tsanani, amma na karɓi mukullin. To wa ya fi wani?

Ranar Litinin za a sake zuba ƙwai, mai gonar ya ba mu dama ta ƙarshe. Na goge layin, na mayar wa mai gadi makinsa. Sai na ga ban san inda ake manna ma'aunan ba, ban san ƙwai nawa ba, ban san a wane tire ba. Ba wanda ya sani a ofis, ba wanda ya taɓa tambaya. Teburinsa wayam, ko rular bai bari ba.

Ɗazu da azahar na kira shi. Sai da na nemi lambar a wurin sakatariya, don ban taɓa ajiye ta ba. Ya ɗauka, ya gaishe ni, ya tambayi aiki kamar ba abin da ya faru. Na faɗi abin da nake nema. Ya ce in sami biro. Tire na bakwai da na takwas, ƙwai biyar-biyar, a kan cikin ƙwan ba a kan tsininsa ba, a haska da fitila a rana ta goma a tabbatar mai rai ne, in ba shi da rai a mayar da ma'aunin kan na kusa da shi. Ya sa na karanta masa abin da na rubuta, ya gyara mini wuri ɗaya. Na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in yi maka." Ya ce, "In ta ƙwai ce, ina ji." Ba ta ƙwai ba ce, Umma. Ya jira ni, ya daɗe yana jira, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a, ya kashe.

Takardar ƙarin girman tana cikin jakata. Don Allah kada ki gaya wa su Yaya, kada ki gaya wa maƙwabta, kada kowa ya kira ya yi mini barka. Kada kuma ki zo ganin ofishin tukuna. Ki dai rubuto mini, ko da jan biron ne, zan karanta har ƙarshe.

Ki gaishe da mutanen gida. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Auta